Rediyon tauraron ɗan'adam a mota da gida: wanne ya kamata in saya?

Direban_Columbus: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar tirela a Amurka. Ban daɗe da karɓar lasisin CDL na tuƙa manyan motoci ba, kuma kamfanin da ya ɗauke ni yamma yake tura ni, daga Ohio har Utah ta kan babbar hanyar I-80. Da zarar na bar Omaha sai tashoshin FM su riƙa ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya, in kama wata yanzu, kafin a gama labarai ta koma shuu. Sabis ɗin waya ma a wasu wuraren cikin Wyoming sai a hankali. Wani abokin aiki ya ce in nemi rediyon tauraron ɗan'adam. To wanne ya fi tsakanin kamfanonin Sirius da XM? Sannan akwai wanda zan yi amfani da shi a mota, in na dawo hutu in shiga da shi gida uwargida ma ta amfana? Ba na son biyan kuɗi sau biyu.

Baban_Hanifa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a sabon aiki, ya tsare hanya. Tambayarka ta farko ta daɗe da mutuwa, ɗan'uwa. Sirius da XM sun haɗe tun Yulin 2008, yanzu kamfani ɗaya ne, SiriusXM, kuma ba shi da kishiya a Amurka. Maganar zaɓen kamfani babu ita. Abin da ya rage maka shi ne wane akwati za ka saya da kuma wane tsarin biya za ka ɗauka.

Mai_Gingimari_Greensboro: Kafin ka fitar da ko dala ɗaya, duba rediyon da ke cikin kan motar da suka ba ka. Da yawa daga Freightliner da Volvo na yanzu da abin a jikinsu suke zuwa, kunna shi ne kawai ba a yi ba. Nemi maɓallin da aka rubuta SAT ko SXM, ka murɗa zuwa tasha ta 1. In ka ji magana, to eriya lafiyarta lau. Ka koma tasha ta 0, za ta nuna maka lambar rediyon, da ita ake yin rijista.

Direban_Columbus: Na gode Alhaji. Matsalar ita ce ba mota ɗaya suke bar mini ba. In ta shiga gareji sai su ba ni wata.

Mai_Gingimari_Greensboro: To wannan ya sauya lissafi. Kuɗin wata a kan rediyo yake, ba a kan mutum ba. Ana iya mayar da shi daga wannan lamba zuwa waccan, amma wa ke da lokacin yin haka duk sanda aka canza masa mota? Kai naka shi ne irin wanda ake cirewa a saka a aljihu. Ni akwatin da ake kira Onyx Plus nake riƙe da shi. Girmansa bai kai waya ba. Yana zama a kan wata 'yar kujera da ake mannawa a gaban mota, wutarsa daga ramin kunna sigari, sautin kuma ko ta wayar AUX da ake jonawa da rediyon motar ko ya jefa shi kan wata mitar FM da ba kowa. Abin da ya sa na fifita shi a kan ɗaya samfurin, Onyx EZR, ana iya dakatar da shiri a dawo da shi baya har kimanin minti 30. In an tare ka a wurin auna nauyin mota ko dispaca, mai tsara maka tafiya a kamfani, ya kira, ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya. EZR ya fi araha, kuma tashoshin duk ɗaya ne.

Amma ka ji wannan da kyau, don nan sababbin direbobi ke shan wahala. Eriyar da ke zuwa cikin kwalin mai maganaɗisu ce, ta ƙananan motoci masu rufin ƙarfe. Rufin kan tirela faiba ne, ba za ta kama ba. Wasu sai su ajiye ta a cikin gilashin gaba, su yi ta ƙorafin yana yankewa. Dole ya yanke mana, duk sanda ka fuskanci arewa kan motar da bodin sun tare mata kudu. Sayi eriyar tirela, doguwa, wadda ake ɗaurewa a ƙarfen madubi ta leƙo sama. Ana samu a manyan gidajen man tirela irin su Pilot da Love's da TA.

Injiniya_Sabo: Bari in ƙara a kan maganar kudu da Alhaji ya yi, don ita ce za ta yanke hukuncin amfani da shi a gida. Taurarin suna saitin tsakiyar duniya ne, nisan kusan kilomita 36,000, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa kullum suke wuri ɗaya a sama. Manyan mazauninsu biyu ne, digiri 85 da digiri 115 yamma. Na 85 ɗin kusan kudu sak yake da Columbus, na 115 kuma saitin Las Vegas. Siginar tana kan mita 2.3 GHz, ba ta ratsa kankare, ba ta ratsa dutse, ganyen itace mai kauri ma yana rage mata ƙarfi. A manyan birane kamfanin ya kafa na'urori a ƙasa masu maimaita siginar, shi ya sa yake yi a tsakiyar dogayen gine-gine. Saboda haka kafin ka sayi kayan gida, wato kujera da eriyar haɗa akwatin a ɗaki, tashi ka duba: kana da taga mai kallon kudu wadda wani gini bai tare ba? In gidanka na ƙasa ne a cikin bene kuma tagoginka arewa suke kallo, kada ka ɓata kuɗinka.

Hajiya_Nas: Ni fa tambayata ɗaya. An tambayi uwargidan kuwa ko tana so? Kun zauna maza kuna ta tsara mata eriya a taga. Me za ta ji a ciki? Babu tashar Hausa ko ɗaya. Ni motata da shi ta zo, na ji na wata ukun da suke bayarwa kyauta, na bi jerin tashoshin kaf. Kaɗe-kaɗen Turawa, wasanni, siyasar Amurka, barkwanci, wa'azin coci. Ta karatun Alƙur'ani babu. Da watannin suka ƙare ban sabunta ba, don tafiyata daga gida zuwa asibiti ba inda waya ke ɗaukewa.

Direban_Columbus: Hajiya kin kama ni. Gaskiya ita Freedom Radio take bi ta Facebook, sai tashoshin YouTube.

Hajiya_Nas: To ka gani.

Baban_Hanifa: Kuma ko da tana so, ba sai da akwati ba. Yawancin tsare-tsaren biyan suna haɗawa da sauraro ta manhaja. Kai kana Wyoming da akwatinka, ita tana gida tana ji ta waya ko talabijin ko sifikar Alexa da intanet ɗin gida, duk a kan kuɗi ɗaya. In kuwa kayan gida ka saya, ai sai ka dawo da akwatin sannan zai yi magana. Kana kan hanya kujerar kawai za ta riƙa kallo.

Dan_Zongo_Bronx: Chief, ni taksi nake ja a New York, kuma ina biya ne saboda abu guda: ƙwallo. Tasha ta 157, SiriusXM FC. Safiyar Asabar ana buga Firimiya ina kan aiki, sharhi kai tsaye nake ji, ba na taɓa waya. Sai BBC ta Turanci a 120, a nan nake tsintar labarin Afirka. Sauran tashoshin ɗari da wani abu, Allah na gani ban san me ke cikinsu ba. Kuma mai cewa ba ya yankewa ya zo ya bi ƙasan gadar George Washington ya gani.

Gunner_har_abada: Dan Zongo, kai da kake goyon bayan Man United, har kuɗi kake biya don a riƙa karanta maka baƙin ciki kowane mako? Ai kyauta ma ya yi tsada.

Dan_Zongo_Bronx: Kofin Zakarun Turai uku ne a ɗakinmu, 1968, 1999, 2008. Ka shiga naku ɗakin ka ƙirgo ka dawo, ina nan.

Admin_Zaure: Jama'a, akwai zauren ƙwallo daban. A taimaki bawan Allah da abin da ya tambaya.

Malam_Na_Fagge: Ni daga Kano nake bin ku, kuma hirar nan ta warware mini wani abu. Na sayi Camry 'yar Amurka da aka shigo da ita ta Kwatano. Akwai maɓallin XM a jikin rediyon, ga wani ɗan ƙaho a rufi ta baya. In na danna sai ya yi ta rubutun yana neman sigina. Wani mai gyaran wutar mota ya ce in kawo kuɗi zai buɗe mini shi da kwamfuta. Ya ce har tashoshin Saudiyya zai kamo.

Injiniya_Sabo: Malam, riƙe kuɗinka. Ba kulle shi aka yi ba balle a buɗe. Daga Kano tauraron yana can bayan doron ƙasa, ko kan dutsen Dala ka hau da motar ba za ta hango shi ba. Amurka da Kanada aka haska wa, Hawaii ma da take cikin Amurka ba ta samu. Abin da mai gyara zai iya yi maka mai amfani shi ne ya sa maka Bluetooth. Wani abin kuma da za ka lura da shi a motocin Amurka: a matsakaicin zango rediyonsu goma-goma yake tsallakawa, mu kuwa tara-tara aka raba namu. Shi ya sa Rediyon Tarayya Kaduna da ke kan 594 ba ya zama daidai, ko 590 ko 600, ka ji shi da ƙaiƙayi.

Malam_Na_Fagge: Ikon Allah. Ashe shi ya sa. Allah ya ƙara ilimi, Injiniya.

Tsohon_Maaikaci: Yaran yanzu ba su san mu ma an taɓa yi mana namu ba. WorldSpace. Wani ɗan asalin Habasha, Noah Samara, shi ya kafa kamfanin a Washington, aka harba tauraron AfriStar a Oktoban 1998, ya zauna a digiri 21 gabas, saitin Kwango. Shekara guda bayan nan aka fara watsa shiri, kafin Amurkawa su ji nasu, don XM sai Satumban 2001 ya fara. Kamfanoni huɗu na Japan suka ƙera rediyon farko: Hitachi, Sanyo, JVC da Panasonic. Ni Hitachi na saya. Eriyarsa wani ɗan faifai ne da ake cirewa a ɗora a kan katanga. Mu da muka tashi da gajeren zango, murya na zuwa tana tafiya, kana riƙe da eriya kana karkata kai, ranar da na ji BBC tar ba ko ƙura sai da na kira maƙwabta.

Abin da ya kashe shi a ganina tsada ce. Talakan da aka ce don shi aka yi abin, rediyonsa na batir biyu ya ishe shi jin Landan da Jamus da Amurka da Hausa, kyauta. Wa zai sayi akwati mai tsada, daga baya kuma a ce ya riƙa biyan kuɗin sauraro? Ga shi lokacin tashoshin FM masu zaman kansu sun fara buɗewa, Freedom ta zo Kano a 2003. A Oktoban 2008 kamfanin ya bayyana karyewa, ba a daɗe ba shiri ya ɗauke. Nawa yana nan har yau, da yake Hitachi sun haɗa masa FM da gajeren zango, da su nake amfani.

Abin da ya sa na kawo wannan, ɗana Direba, akwatin irin wannan ba ya jin kowa sai mai shi. Kada ka zuba kuɗi da yawa a kan ƙarfe.

Baban_Hanifa: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba a haɗa su ba. SiriusXM na da masu biya sama da miliyan 30, kuma har yanzu harba sababbin taurari suke, SXM-9 a Disamban 2024 ya tashi. Wanda zai rufe gobe ba ya wannan kashe kuɗin.

Tsohon_Maaikaci: Ban ce gobe ba. Na ce kada ya sayi mai tsada.

Issoufou_Maradi: Gaisuwa ga kowa. A wajenmu in ka ce rediyon tauraro, mutane dikoda suke ganewa. Canal+ na da tashoshin rediyo a ƙarshen jeri, masu DStv a Nijeriya ma haka, har risiba ta kyauta irin Strong in ka danna maɓallin rediyo za ka tarar da su da yawa. Mutane ba su kula ba ne kawai. Sai dai na ɗaki ne, ba a ɗora kwano a kan mota. Direbobinmu masu hanyar Agadez da Dirkou kuwa katin memori ne abokin tafiyarsu, sai gajeren zango in an ya da zango.

Ummu_Sudais: Katin memorin nan da Malam Issoufou ya ambata shi ne maganin, ko a Amurkar. Maigidana shi ma tirela yake ja. Kafin ya fita nake sauke masa tafsiri da karatu da shirye-shiryen da ya rasa, a waya da kuma filashi. Awa 11 doka ta yarda ya yi yana tuƙi a rana, to wace tasha ce za ta ba shi abin da zai amfane shi na awa 11? Ga lada ga ba ko sisi. Shirin dare na BBC Hausa, na takwas da rabi agogon Nijeriya, yana faɗowa uku da rabi na yamma a nan gabashin Amurka lokacin zafi, biyu da rabi lokacin sanyi. In yana inda ba sabis, da ya tsaya sai ya saurara daga baya.

Mai_Gingimari_Greensboro: Hajiya, ba na musu da ke a kan lada, ni ma filashina cike yake. Amma abin da aka sauke jiya ba zai gaya maka abin da ke faruwa yau ba. Wanda ya san tsakanin Laramie da Rawlins, a Wyoming, a watan Janairu ya san me nake nufi. Iskar Elk Mountain tana kwantar da tirela marar kaya, kuma ana rufe hanyar. Tasha ta 146, Road Dog, ta direbobi ce zalla: yanayi, farashin dizal, sababbin dokoki, direbobi na bugo waya. Turancina ma a nan ya gyaru. Sannan muryar mutum mai magana yanzu-yanzu tana korar gyangyaɗi fiye da abin da ka riga ka san ƙarshensa. Uwa uba, dokar tarayya ta hana direban babbar mota riƙe waya yana tuƙi, tara ce mai nauyi kuma tana shiga tarihin lasisinka. Akwatin nan maɓalli ɗaya kake dannawa.

Injiniya_Sabo: Sai dai Alhaji, don rufe hanya kada ya dogara da tashar da ke magana da ƙasa gaba ɗaya. Wyoming na da 511 nasu, lambar da ake kira a ji halin hanya, ga allunan kan hanya, ga rediyon CB da direbobi ke magana da juna, a tasha ta 19. Su ne za su gaya masa abin da ke gabansa mil goma.

Mai_Gingimari_Greensboro: Wa ke magana a CB yanzu? Sai an yi cunkoso kake jin su, rabi kuma zage-zage.

Lauje_cikin_nadi: Ba wanda ya taɓo kuɗi, alhali nan ne wurin. Cikakken farashi yana kai dala ashirin da wani abu a wata. Amma kusan kullum akwai tayin sababbin shiga, wajen dala biyar a wata na shekara guda. Sharaɗin da ke ƙasa da ƙananan haruffa shi ne in wa'adin ya cika zai sabunta kansa a kan cikakken farashi daga katinka. Saboda haka ranar da ka yi rijista, ranar za ka sa tunatarwa a waya, mako biyu kafin cikar wa'adi. In ta zo ka tuntuɓe su ka ce za ka bari, galibi sai su sake yi maka tayi. Ciniki ne, kuma Bahaushe ba a koya masa ciniki. Ka kuma tambayi jimillar da za a cira har da haraji, ba lambar da ke kan talla ba.

Baban_Hanifa: A kan sokewar ma an je kotu. A Disamban 2023 babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta yi ƙarar kamfanin kan cewa yana wahalar da masu son fita, kuma a Nuwamban 2024 alƙali ya ce tsarin nasu ya saɓa wa dokar tarayya. Duk sanda ka soke ka karɓi shaida a rubuce ta imel.

Bakatsine_a_Calgary: Mu a nan Kanada reshensu daban ne, rijista daban, amma akwatin yana aiki ko ka tsallaka iyaka. Abin da na lura, iya nisanka arewa iya yadda tauraron ke sauka ƙasa-ƙasa, sai ka ga tudu kaɗan ko jerin itatuwa sun tare shi. Masu hanyar Fort McMurray, can arewa, sun fi kowa sani. Wani abu kuma ga mai iyali: tashoshin da aka yi wa alamar XL ba a tace bakinsu, ashar ake yi tsagwaronta. Ana iya kulle su da lambar sirri. Duk wanda zai shigar da abin nan falo ko motar kai yara makaranta, ya fara da wannan.

Gunner_har_abada: Ni ƙaramar mota gare ni tsohuwa, na canza mata rediyo zuwa Pioneer. In an rubuta SiriusXM-Ready a jiki, wani ɗan akwati SXV300 kawai ake jonawa ta baya, ba waya ko ɗaya a fili, sautin ma ya fi na jefawa ta FM nesa ba kusa ba. Amma ba ya ciruwa, don haka ba na Direba ba ne. Na faɗa ne don masu karatu da ba sa magana.

Hajiya_Nas: Kuma kada a ruɗe shi da HD Radio da ke cikin wasu motocin. Wannan kyauta ne, tashoshin gari ne, in ka bar gari ya bar ka.

Direban_Columbus: Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru sosai. Yadda na fahimta, zan fara danna SAT ɗin motar in ga ko tasha ta 1 na magana. In zan saya, ina ganin EZR da eriyar madubi, tunda Baba ya ce kada a zuba kuɗi a ƙarfe. Kayan gida na fasa. Sai dai akwai Roady BT da na gani mai Bluetooth, shi fa?

Mai_Gingimari_Greensboro: Na mota ne kawai, ba shi da kujerar gida. Kuma ka tuna Bluetooth ɗin motar da shi kake amsa kiran dispaca, kada su riƙa rigima da waya. In akwai ramin AUX, waya ta fi kwanciyar hankali. Ni dai har yanzu Plus nake ba ka shawara, bambancin kuɗin bai kai na abincin kwana biyu a kan hanya ba.

Injiniya_Sabo: Ni kuma ban yarda a fasa kayan gida gaba ɗaya ba. Ranar da guguwa ta katse intanet, manhaja ta tashi aiki, mai eriya a taga da batir yana jin labarai.

Ummu_Sudais: Injiniya, rediyon dala goma mai batir ma zai yi wannan, kuma labarin garinku zai ba ka, ba na Washington ba.

Malam_Na_Fagge: Tambaya ta ƙarshe don Allah. Ɗan ƙahon nan na rufi, tunda ba shi da amfani a nan, in cire shi? Yara na ta wasa da shi.

Injiniya_Sabo: Kada ka taɓa shi, Malam. A wasu motocin akwai eriyar GPS a ciki, kuma in ka cire rami za ka bari a rufi, damina na zuwa ruwa zai sauko maka ta silin.